Kifin da Bawa Ya Saki, Mu Muka Soya

A wannan wata na Agusta Malam Bawa tela ya cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin abin da ke bakina ba irin wanda ake faɗa a zaman makoki ba ne. Bana na gaji da fasawa. Raina a ɓace yake in na tuna abin da na gani makonni biyu da suka wuce. Amma kafin in nuna kowa da yatsa, bari in faɗa tun yanzu cewa ni na jawo abin da bakina.

Ga wanda bai san shi ba, Bawa mutumin Yawuri ne, ɗan Sarkawa, masunta tun kaka da kakanni. A nan New York kuwa ba wanda ya san shi da su. Tela ne mai ɗan shago a wani lungu kusa da titi na 125 a Harlem, yana ɗinka manyan riguna da aikin wuya. Ni Bakano ne, ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Bronx, kuma ruwan da na sani a rayuwata na famfo ne, sai kududdufin bayan gidanmu. Ya girme ni da kusan shekara goma, shi ya sa Yaya nake ce masa. Rigar sallah ce ta haɗa mu. Na je karɓa bayan la'asar, na tarar ya ture keken ɗinki gefe, ya maƙale wata 'yar ƙugiya a bakin tebur, yana naɗa mata ragowar zaren aikin wuya da gashin zabuwa. Wallahi na ɗauka laya yake haɗa wa wani. Da na faɗa masa haka, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ƙwaro ne na ƙarya, kifi zai yaudara da shi.

Gashin zabin yana samo shi ne a wurin da ake yanka kaji masu rai a Bronx. Mutane su je sayen nama, shi ya je da leda yana tsintar gashi a ƙasa, yana ɗaga kowanne sama yana duba ɗigonsa. Ya wanke, ya shanya a bayan shago. Da wannan gashi da zaren da ya rage daga rigunan alhazai yake yin mazari, da fara, da ɗan jatan landen kogi, wani lokaci ya sassaƙa toshiyar kwalba ya yi mata ido. Ba tana, ba ƙullin tuwo, ba wani abin ci a ƙugiyar. Sanda ce doguwa siririya da igiya mai ɗan kauri, mutum ya shiga ruwa har cinya yana kaɗa ta gaba da baya, har ƙwaron ya sauka a hankali inda yake so.

Kifin da yake nema Turawa suna ce masa bas mai ƙaramin baki. Bawa ya raɗa masa Jan-ido, saboda idonsa ja ne, jikinsa kuma launin tagulla. Lokacin zafi ne lokacinsa, sa'ad da ruwa ya ja baya duwatsu suka fito. Bai kai giwan ruwa ko kusa ba, amma yana da zuciya. In ya cafki ƙwaro sai ya yi tsalle sama yana girgiza kai, ya nutse, ya sake fitowa, sanda ta lanƙwashe har ka ce yanzu za ta karye.

Ranar da ya fara kai ni, ya kama wani mai tsawon kamu guda. Na riga na fara tunanin yaji da albasa. Sai na ga ya tsoma hannuwansa biyu a ruwa ya jiƙa su sosai kafin ya taɓa kifin, ya zare ƙugiyar cikin sauƙi, don tun a shago yake matse ƙayarta da filaya. Ya riƙe kifin a cikin ruwa, kansa yana fuskantar inda ruwan ke gangarowa, ya jira har ya dawo hayyacinsa ya kaɗa wutsiya ya tafi. Na ce, "Haba Yaya! Tafiyar awa biyu da rabi, mu koma hannu rabbana?" Ya dube ni ya ce da Hausarsa ta Yawuri, "Mi ya yi maka? Yunwa kake ji?"

A hanyar komawa ya gaya mini dalili. Yana yaro, ya ce, mahaifinsa kan cika kwalekwale kafin hantsi. Daga baya aka shigo da taru mai ƙananan ido wanda ba ya barin ko ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya, wasu kuma suka koyi zuba maganin ƙwari a gurbi su kwashe abin da ya taso. Kafin ya yi gemu, gefen kogin da gidansu ke su ya zama ruwa kawai. Abin da ya sa aka kai shi koyon ɗinki ke nan. "Ni na ga ruwa ya mutu da idona," in ji shi. Sai ya kunna rediyo.

Ba zan faɗi sunan kogin da yake kai ni ba. Na faɗa sau ɗaya, ga shi ina rubuta abin da ya biyo baya. Abin da zan iya cewa, gurbin yana bayan gonar wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu, kuma ba hanyar isa sai ta wata ƙofar ƙarfe a shingenta. Tun kafin in san shi Bawa ya tsaya ya yi mata sallama ya nemi izini, ta ba shi. Kowace shekara yakan kai mata wani abu da ya ɗinka, ya rage mata tsawon labule, ya gyara mata zif. Gwaggo yake kiranta, har ta saba tana amsawa. A gabana wata rana ta dafa kafaɗarsa ta ce duk wanda ya zo da sunansa, ƙofarta a buɗe take. Tsawon shekarun nan ni kaɗai ya taɓa kaiwa. Ya ce mini wurin amana ne, ko matarsa ba ta san hanyarsa ba.

Ciwon kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Matarsa ta kira ni bayan arba'in ta miƙo mini sandar da wani gwangwanin alewa cike da ƙwarin da ya ɗaura, ta ce ita ba ta san abin da za ta yi da su ba.

Da ya cika shekara, muna taron ƙungiyarmu ta 'yan gida a unguwar Soundview da ke Bronx, shugabanmu Alhaji Sabo ya tambaya wace sadaka za a yi wa marigayi. Alhaji Sabo mutumin kirki ne, mai hannu a sake, mai son taro. Ana ta cewa Bawa tela, Bawa tela, sai na ji haushi ya kama ni. Ina so su san mutumin ya wuce keken ɗinki. Na buɗe baki na ba da labarin kogin tiryan-tiryan, har da ƙofa, har da alkawarin Gwaggo. Nufina mu je mu huɗu ko biyar mu yi masa addu'a a inda yake so. Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Ashe marigayi yana da kogi! To ai sadaka ta samu." Ya ce in tura masa taswirar wurin ta waya, na tura. Kafin in isa gida ta zagaye wayar kowa.

Hujjarsu mai sauƙi ce, kuma ban taɓa jin wanda ya yi mata gardama ba. Mutum ya rasu, yana da wurin kifi, a kama kifin a ciyar da jama'a, lada ya isa kabarinsa. Ni ba malami ba ne, ba kuma na ja da sadaka. Amma ina tambaya: in mutum ya shekara da shekaru yana kiwon tantabaru, bai taɓa yanka ko ɗaya ba, ranar tunawa da shi sai a fasa ɗakinsu a yi farfesu da sunansa? Da mota biyu aka fara. Shekara ta uku wani ya sa aka saƙo masa birgi, ragar nan ta jifa, daga gida a cikin jakar kaya. Na ce masa dokar nan ƙasar ba ta yarda da jefa raga ga irin wannan kifi ba, ya ce ai gonar Gwaggon Bawa ce, wa zai gani. Daga nan abin ya zama biki.

Bana mota tara na ƙirga. Suna isowa ƙofa yara suka leƙo ta taga suna ihun sunan Bawa, tsohuwa ta ɗago hannu daga barandarta, aka wuce. An buga hotonsa a ƙyalle an ɗaure a jikin bishiyar da yake shimfiɗa darduma a ƙarƙashinta. Aka kafa lasifika. Ruwa ya ja sosai saboda zafi, kifin duk ya taru a gurbi guda, wanda Bawa kan tsaya nesa da shi ya jefa ƙwaro a hankali don kada inuwarsa ta firgita su. Jifa uku aka yi da birgi aka gama da shi. Wani ya riƙe waya yana ɗauka yana cewa a yi kabbara.

Abin da ya biyo baya, kai, ban san yadda zan kwatanta shi ba tare da na ɓata wa mai karatu abinci ba. Hanji da ɓawon kifi a kan duwatsu, rana ta buge su, ƙudaje kore sun yi baƙi a kai. Ƙananan da ba su kai a soya ba, masu tsawon yatsa, an watsar da su a tudu suna buɗe baki, ba wanda ya ga ya dace ya tura su ruwa da ƙafa ma. Man da aka gama suya da shi aka juye a kogi, ya bi saman ruwa yana ƙyalli. Gawayi mai wuta aka zuba a gefe. Ƙunzugun jarirai an cusa a tsakanin duwatsu, robobin lemo suna iyo. Ƙarni da hayaƙi da zafi suka haɗu, ga mutane sanye da fararen kaya suna cewa Allah ya kai lada kabarin Bawa. Mutanen nan fa ba jahilai ba ne. Akwai likita a ciki, akwai mai koyarwa a jami'a, kowannensu in ya shiga ofis ba ya yar da ko takardar alewa a ƙasa.

Ni kuma ina ina duk shekarun nan? Ina nan tsaye da faranti. Na ci. Shekara shida ina ci, ina gaya wa kaina baɗi zan yi magana. Dabarar da na yi don in kwantar da zuciyata ita ce in riga su zuwa da sassafe, in jefa ƙwarin Bawa ni kaɗai, in saki abin da na kama, wai na sauke nauyi. Bana ma haka na yi. Da farar da ya ɗaura da zare ruwan goro na kama wani babba, irin wanda ban taɓa kamawa ba, da tsaga a wutsiyarsa ta sama, tsohon rauni da ya warke. Na jiƙa hannu, na zare ƙugiya, na riƙe shi har ya farfaɗo ya koma gurbi. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi wa Yaya magana a zuci.

Bayan azahar Alhaji Sabo ya kira ni gaban jama'a, ya ce babban kifi na aminin marigayi ne. Aka miƙo mini shi a faranti, a soye, an barbaɗa yaji. Wutsiyar ta ƙone kaɗan amma tsagar tana nan. Na ce, "Alhaji, kifin nan da safe na sake shi da hannuna." Ya yi dariya ya ce, "To ka gani, ƙanena, rabonka ne ya dawo maka." Aka kwashe da dariya. Na ajiye farantin a kan dutse, na zaga bayan mota, na amayar da abin da ke cikina.

Tun ranar nake tambayar kaina me Bawa zai ce da ya ga wannan. Na san ba zai yi faɗa ba, bai iya ba. Ko mai riga ya zage shi a shago, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keke. Ina jin da leda zai nema ya fara tsince shara, ya bi ƙananan nan ɗaya ɗaya ya mayar da masu sauran rai. Ba zai kalli Alhaji ba, don Alhaji bai yi masa alkawarin komai ba. Ni zai kalla. Mutumin da ya baro ruwan da ya mutu, ya ƙetare teku ya sami mai rai, ya ɓoye shi ko ga matarsa, ya nuna wa mutum ɗaya tak.

Ranar Asabar da ta biyo na koma ni kaɗai da manyan ledojin shara. Na makara. Na tarar da Gwaggo a bakin ruwa, mace mai shekara tamanin da wani abu, gwiwa ba lafiya, tana jan buhu da hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Ashe haka take yi duk shekara bayan mun tafi, kwana uku ko huɗu tana kwashewa kaɗan kaɗan. Ban taɓa tambayar kaina wa ke share wurin ba. Na karɓi buhun, na rasa inda zan sa idona. Na tambaye ta me ya hana ta rufe ƙofar tun tuni. Ta ce maƙwabta sun daɗe suna ce mata ta kira hukuma, ta ƙi, don ba za ta jawo wa mutanen Bawa wahala ba. Ƙofa kuma ta yi masa alkawari, kuma ba ya nan balle ta nemi ya warware mata. "Da sunansa suke zuwa," in ji ta. "Yaya zan yi?"

A nan na gane cewa ba kifi kaɗai muke ci ba. Sunan mutumin muke ci, wanda ya gina da sallama da gyaran labule, mun mai da shi abin buɗe ƙofa. Tsohuwar da ba ta san sallarmu ba ta riƙe masa alkawari shekara bakwai, ni da na yi masa wanka na sa shi a likkafani ban riƙe nawa fiye da shekara ɗaya ba.

Na gama kwashe sharar, na shiga mota zuwa ɗan garin da ke kusa, na sayo sarƙa da kwaɗo. Na ce mata ni ne mutum ɗaya da Bawa ya taɓa kawowa, don haka a madadinsa na warware mata alkawarin, ta rufe. Ta ce to. Makulli biyu ne a jikin kwaɗon. Ta cire ɗaya ta miƙo mini, ta ce ni in riƙa zuwa. Hannuna har ya ɗaga, sai na mayar da shi aljihu. Na san kaina. In makullin nan yana wurina, baɗi Alhaji Sabo zai zo har gida, ya gaishe da iyali, ya kira ni ƙanena, ya ce mota ɗaya ce kawai, addu'a za a yi. Ni kuma kara za ta hana ni cewa a'a, kamar yadda ta hana ni shekara shida. Na ce mata ta riƙe duka biyun, ko ni na zo ina roƙo kada ta buɗe.

Da na koma na shaida wa 'yan ƙungiya abin da na yi, nan da nan labari ya zagaye Soundview. Alhaji ya bugo ya ce na kunyata jama'a a gaban Baturiya, na kuma toshe wa mamaci hanyar lada. Na ce masa kunyar tana cikin buhunan da na loda a bayan mota, in yana so in kawo masa ya gani. Sadaka kuwa ba ta tsaya ba. Akwai kifi a kasuwa, akwai shinkafa, akwai mabukata a ƙofar masallaci kowace Juma'a, kuma ni zan fara ɗora tukunya. Wanda ya ji haushina ya ji, na fi shi jin haushin kaina.

Me ya rage na Bawa yau? Shagon ya zama wurin sayar da waya. Rigunan da ya ɗinka sun fara tsufa a jikin masu su. Gwangwanin alewa yana kan durowata, saura ƙwaro tara a ciki, kuma ba na jin zan sake jiƙa ko ɗaya. Akwai wata tsohuwa da har yanzu take amsa sunan Gwaggo, in an ambace shi ta yi murmushi, duk da abin da muka yi mata. Sai kuma gurbin, in Allah ya sa birgi ya bar wani abu a ƙarƙashin duwatsu.

Da na datse kwaɗon na tsaya a waje na ɗan jima, hannuna a kan ƙarfen. Daga ƙofar ba a hango ruwa, bishiyoyi sun tare. Ina shirin juyawa na ji facal daga can ƙasa, irin ƙarar da Jan-ido ke yi in ya taso wa mazari. Ban gan shi ba, kuma ba zan gan shi ba. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka makwancinka, ya yafe mini bakina. Wannan ɗaya dai na sake shi da gaske.